Gangara Ba Ta Fifita Kowa: Nasiha ga Ƙannena Masu Ƙera Mota



Duk ɗan da ya tashi a ƙasarmu ta Dogarawa ya san mota tun kafin ya iya ƙirga goma. Babbar kwaltar nan da ta taso daga Yamai, ta bi ta Dosso da Dogondutsi da Birnin Ƙonni, ta miƙe zuwa Madawa da Maraɗi, ƙasarmu ta ratsa. Dare da rana tireloli ba su ɗauke ƙafa: wannan ta yi lodin siminti daga Malbaza, waccan ta sha buhunan albasar Galmi za ta Akara ko Abijan. Muna yara mukan zauna nesa kaɗan da bakin hanya muna ƙirga tayoyinsu, in kaka ta yi aka girbe gero da dawa sai mu bazama gonaki neman kara. A fere sille, a yanka totuwa, a soke wannan cikin wancan, a yanko tayoyi daga tsohon silifa ko sakaina, kafin la'asar kowa na jan tasa da zare yana yi mata kukan inji da baki. Har yau ina ganinku kuna yi. Wasunku ma sun wuce mu nesa, da gwangwanin madara da waya da murfin kwalba, har da sitiyari mai dogon hannu. Duk ranar da na ga haka raina yakan yi fari, domin hannun da ya saba ƙera abu tun yana ƙarami ba ya rasa abin yi in ya girma.

Sai dai yawancin tseren da ake yi da motocin nan tseren ƙafa ne. Wanda ya fi gudu shi ke cinyewa, ko da motarsa tana jan taya ɗaya a ƙasa. Ni wani tseren dabam nake so in kwaɗaita muku. A ɗora motoci a kan gangara, a sake su lokaci guda, kowa ya ɗauke hannunsa. Ba zare, ba turi, ba roba, ba batir. A nan doguwar ƙafa ba ta da amfani, baki ma ba shi da amfani. Aikin da ka yi jiya da shekaranjiya shi zai gangara gaban jama'a.

A Amurka wannan wasa ya daɗe da zama gasa. A shekarar 1953 wani jagoran 'yan sikawut mai suna Don Murphy, a garin Manhattan Beach na jihar Kalifoniya, ya ga ɗansa bai kai shekarun shiga babbar gasar motocin gangara ba, wadda yaro ke zama cikin motar da kansa. Sai ya kawo shawarar a ƙera 'yan ƙanana da katako, uba da ɗa su yi aikin tare. Ranar 15 ga Mayu na shekarar yara 55 suka yi karon farko, kuma har gobe ana yi, suna kiranta Pinewood Derby. Kowane yaro kaya iri ɗaya ake ba shi: guntun katako, ƙusa 4, taya 4. Tsawon motar ba ya wuce kusan santimita 18, faɗinta santimita 7, nauyinta kusan giram 142. Hanyar tseren takan kai kusan mita 10. Ana ɗaga kanta sama da ƙasa da kamar mita 1 da santimita 20, ta gangaro, sannan ta miƙe a shimfiɗe. Daga saki zuwa ƙarshe daƙiƙa 3 ce ko ƙasa da haka. Yaro ya kwashe makonni yana shiri saboda daƙiƙa uku, kuma sau da yawa tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ido ba ya iya raba ta.

Ga abin da nake so ku fara riƙewa. Motar nan ba ta da inji, amma tana da mai, kuma man nata shi ne tsayin da aka ɗora ta a kai. Ƙasa tana jan kowane abu zuwa gare ta, iyakar abin da ke tafiyar da motar ke nan. In aka sake ta daga tsayin mita 1 da santimita 20, mafi girman gudun da za ta iya kaiwa a gindin gangara kamar kilomita 17 ne a awa, kuma babu gwanin da zai ƙara mata a kan haka. Gangara ba ta san ɗan mai gari ba, ba ta san ɗan talaka ba. Rabon da ta ba taka shi ta ba tawa. To me zai sa wata ta riga wata? Ku da kuka taso kuna ganin ban ruwan albasa a fadamar Majiya kun riga kun san amsa. Ruwa ɗaya inji ke turowa, amma wanda hanyar ruwansa ke da kafofi, kafin ruwan ya kai fangalin ƙarshe rabinsa ya zurare. Duk aikin mai gyaran motar gangara toshe kafofi ne. Wanda ya fi kowa rage asara shi zai zo na farko.

Babbar kafa tana inda ido ba ya zuwa, tsakanin taya da ƙusar da take juyawa a kanta. Ɗauki sabuwar ƙusa daga shago ka bi ta da farce tun daga kai har tsini. Ƙarƙashin kan za ka ji wasu 'yan layuka da injin da ya buga ta ya bari, da ɗan kaifi daidai inda kai ya haɗu da jiki. Su ke cinye maka gudu. Amma kafin ka taɓa su, gara kowace ƙusa a kan gilashi ko tebur mai santsi. Wadda ta yi ta ɗingishi a lanƙwashe take, ajiye ta gefe. Shi ya sa gara ka samo fiye da bukatarka ka zaɓa. Waɗanda suka tsira, ka bi su da magagari a hankali ka share tabon. Daga nan samfefa mai kaushi, sai mai laushi, sai wadda ta fi ta laushi, kana ɗan jiƙa ta da ruwa. A ƙarshe ka ɗiga man goge baki a tsumma ka yi ta murza har ƙusar ta yi ƙyalli kamar sabon cokali. In akwai kafinta mai injin huda katako a kusa, ka roƙe shi ya damƙe maka ita a bakin injin, tana juyawa kana riƙe da samfefar. In babu, hannu ma yana yi, sai dai zai ci maka yammaci guda. Kada ka ci ƙarfen har ya rame, domin taya za ta riƙa rawa a kansa. Wanda kuma ya fi son ƙarfe guda ya ratsa tayoyi biyu, ban san abin da ya kai wayar ƙafar keke ba: a miƙe take, kuma da santsinta ta zo. Sai ya zura ta cikin bututun biro, ya manne bututun a cikin motar.

Ku saurari amalanken jaki da aka daɗe ba a sa wa giris ba, yadda yake kuka tun daga nesa. Wannan kukan ƙarfin jakin ne ke salwanta. Haka motarka. In kana jin ƙara ko karkarwa tana gangarowa, akwai inda take zubar da rabonta. Motar da ta gyaru kusan shiru take wucewa.

Taya laifinta biyu ne: rashin zagaye, da ramin da ya kauce wa tsakiya. In daga katako ko roba za ka yanko ta, yi amfani da kamfas ɗin lakwal, domin inda allurarsa ta tsaya nan ne tsakiya ba tare da wani kintace ba. In murfin kwalbar roba ne, duba bayansa da kyau, da yawa suna da ɗan ɗigo a tsakiya tun daga masana'anta. Kada ka huda da ƙusa mai zafi, ramin yakan buɗe ya karkace. Fara da basilla, sannan ka faɗaɗa kaɗan-kaɗan har ƙusar ta shiga ba matsi ba sako-sako. Tsakanin taya da jikin mota ka bar fili kamar kaurin kwalin ashana. Kuma taya ta kasance marar nauyi, domin kowace taya sai gangara ta biya kuɗin juya ta, mai nauyi kuwa ta fi tsada. In ka gama, ɗaga motar ka kaɗa kowace taya da yatsa kana ƙirgawa. Wadda ta riga 'yan uwanta tsayawa, koma kanta.

Da yawanku zuciyarku za ta ce a ɗiga baƙin mai ko man gyaɗa. Ranar farko zai yi daɗi. Amma mu ƙasar ƙura ce, musamman in hunturu ya kama, kuma mai yana kiran ƙura. Kwana biyu sai ya zama laka mai cin ƙarfe. Abin da masu gasar can suka fi amfani da shi yana cikin jakar lakwal ɗinku. Baƙin da ke cikin fensir wani ma'adini ne mai santsi da ake kira girafait, an cuɗa shi da yumɓu. Fensirin da aka rubuta wa 2B ko 6B ya fi laushi, domin girafait ɗinsa ya fi yawa. Kankare shi da reza a kan takarda, niƙe shi da bayan cokali har ya zama gari, zuba a ramin tayar ka yi ta juya ta. Ƙara, juya, ƙara, juya, har wurin ya yi baƙi yana sheƙi. Ka goga kaɗan kuma a jikin motar inda taya ke taɓawa.

Sai nauyi, kuma a nan ne ake yawan kuskure. In ba don iska ba, babban dutse da ƙarami tare za su faɗi ƙasa. Amma iska tana nan, kuma ta fi ƙarfin abu marar nauyi. Shi ya sa motar kara zalla ke saurin gajiya da zarar ta bar gangara. Saboda haka in doka ta yanke iyakar nauyi, ka cika shi har baki. Inda za ka ɗora shi kuma ya fi yawansa muhimmanci. Dubi motar a wurin saki: hancinta na kallon ƙasa, bayanta na sama. Nauyin da ke baya daga wuri mafi tsayi ya taso, don haka faɗuwarsa ta fi nisa. Lokacin da hancin ya isa shimfiɗaɗɗen wuri, bayan yana kan gangara tukuna yana ci gaba da turi, a nan ne za ka ga wata mota ta zame wa sauran kamar an ja ta. In hanyarku gangara ce zalla har ƙarshe, wannan dabara ba za ta ƙara muku wani abin kirki ba. Amfaninta yana fitowa ne inda gangara ta ƙare da shimfiɗa.

Kada kuma a zarce. Kun sha ganin amalanken da aka danne wa baya da kaya har jakin ya kusa rabuwa da ƙasa. Motar da nauyinta ya koma baya da yawa gabanta yakan yi sakayau, ta riƙa wutsil-wutsil, wani lokaci ta bar hanya. Ga ma'auni: gicciya fensir a kan tebur, ɗora motar a kansa, kana matsar da ita har ta tsaya daidai ba ta rinjaya gaba ko baya ba. Wannan wurin shi ne cibiyar nauyinta. Ana so ya kasance santimita 2 zuwa 2 da rabi a gaban ƙusar tayoyin baya. A fafe ciki a binne nauyin ƙasa-ƙasa, a manne shi da gam don kada ya motsa.

Da me za a ƙara nauyin? Tsofaffin noti da washa da ƙwayoyin boris suna nan zube a wurin kowane mai gyaran babur, in ka yi gaisuwa da ladabi zai ba ka. Abu guda nake roƙonku da girman Allah: kada wanda ya fasa tsohon batirin mota don ciro dalma, kada wanda ya narka ta, kada wanda ya goge ta da magagari. Na san tana da nauyi, na san tana da sauƙin sarrafawa. Guba ce. A shekarar 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, nan maƙwabtanmu, ƙurar dalma da ke cikin duwatsun zinariyar da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400, wasu da suka rayu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Ƙanenka mai rarrafe zai iya ɗaukar motarka ya kai baki. Babu tseren da ya kai wannan.

Yanzu saiti. Motar da ke karkata tana tafiyar da ta fi ta sauran tsawo, kuma duk lokacin da ta bugi gefe sai ta bar wani abu a wurin. Ja layi miƙaƙƙe na mita 1 a kan tebur, ɗan ɗaga ƙafafun teburin na gefe guda, ka sake ta a kan layin. In ta kauce, kada ka taɓa komai sai ƙusar taya guda ta gaba: murɗa ta kaɗan a raminta, ka sake gwadawa. Kusan kowace ƙusa tana da ɗan lanƙwasar da ido ba ya gani, murɗawar nan ita ce sitiyarinka. Gwanayen gasar suna da dabaru biyu da suka ba ni mamaki da na fara jinsu. Sukan bar motar ta ɗan jingina da siririn katakon da ke tsakiyar hanya tun daga sama har ƙasa, domin jingina a hankali ta fi arha a kan buga dama buga hagu. Sukan kuma ɗaga taya guda ta gaba kaɗan yadda ba za ta taɓa ƙasa ba, motar ta tafi a kan uku, an rage tayar da za a biya wa kuɗin juyawa ke nan. Wasu wuraren sun yarda da haka, wasu sun hana. Ku zauna ku yanke tun kafin ranar, kowa ya ji.

Jikin motar ba zan daɗe a kansa ba. Je wurin kafinta ka roƙi guntun farin katako busasshe mai laushi. Ɗanye yakan murɗe in ya bushe, ya ɓata maka saiti. Aduwa da ƙirya suna da ƙarko, amma nauyinsu zai cinye maka kason da ya kamata ka kai baya. Kada a sari icce mai rai saboda wasa. A yi jikin siriri, gaba a kwance kamar bakin gatari don iska ta bi ta sama. A huda ramukan ƙusa tun katakon yana da kusurwoyinsa, kafin a sassaƙe shi, ya fi sauƙin daidaitawa. Fenti shi ne na ƙarshe, kuma kada ya kusanci ƙusa ko ramin taya. Ku yi wa motocinku ado yadda kuke so, ku rubuta musu kirari a baya irin na tireloli, ina son haka. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai.

Akwai wata ɗabi'a da nake so ku ɗauka daga wannan wasa fiye da duk dabarun da na lissafa. Kada ka taɓa canza abu biyu lokaci guda. In ka matsar da nauyi, ka kuma sake taya, ka ƙara girafait, sannan motar ta ƙara gudu, wanne ne ya yi aikin? In kuma ta rage, wanne za ka warware? Ka ajiye mota guda wadda ba a taɓa ta, ita ce ma'auninka. Canza abu ɗaya a taka, ka sake su tare sau uku, ku yi musayar layi ka sake sau uku, ka rubuta abin da ka gani a littafi ko da bai yi maka daɗi ba. Shekaru fiye da 400 da suka wuce wani malami ɗan ƙasar Italiya mai suna Galileyo, yana koyarwa a garin Paduwa, ya yi abin da bai fi wannan ba. Ya samo dogon katako ya fafe masa kwari, ya riƙa gangaro da ƙwallon tagulla a kai. Ba shi da agogon da zai raba daƙiƙa, sai ya riƙa tarar ruwan da ke zuba daga wani mazubi yana auna nauyinsa. Da haka ya gano cewa in lokaci ya ninka sau 2, tazarar da ƙwallon ke ci takan ninka sau 4, in ya ninka sau 3 ta ninka sau 9. Ya buga wannan a littafinsa na 1638, kuma har yau da shi ake fara koyar da ilimin motsi a makarantu. Katako da ƙwallo da ruwa. Duka ukun muna da su a Dogarawa.

Bari in ba ku labarin kaina. Ina da kamar shekara goma sha ɗaya, wani ɗan baffana da ke koyon kanikanci a Ƙonni ya zo hutu, na dame shi har ya ƙera mini mota da katako da ƙananan boris. A wancan lokacin mukan je wani gangare mai tauri a bayan gari mu saki motoci, ba doka ba komai. Mako guda cur ba wanda ya kamo tawa. Sai wata rana taya ta fita. Na zauna ina juya motar a hannu, ban san ta inda aka shigar da ita ba, mai ƙerawar kuma ya koma. Wanda ya karɓa ya gyara mini shi ne yaron da kullum motarsa ke zuwa ta ƙarshe. Tasa ta kara ce da murfin kwalba, ya kwance ta ya ɗaura ta ya fi sau biyar, saboda haka ya san abin da ke riƙe taya. Da 'yar waya da haƙoransa ya mayar da ita. Na koma gida da motar da ta fi ta kowa gudu, amma na san a raina cewa ba ni na ci ba, kuma abin ya daɗe yana damuna. Yaron nan yau shi masu garka ke nema in injin ban ruwa ya tsaya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Don haka ku nemi taimakon manya inda ya dace. Zarto da wuƙa da injin huda, babba ya tsaya a kai ko ya riƙe. Ku tambayi kafinta, ku tambayi maƙeri, ku tambayi mai gyaran keke, yawancinsu suna jin daɗin yaro mai tambaya. Amma gugar ƙusa da saiti da gwaji naku ne. Ku kuma iyaye da yayye, in wannan takarda ta faɗo hannunku, ku nuna sau ɗaya ku mayar wa yaro kayansa. A can Amurkar ma babbar cutar gasar ita ce uban da ke ƙwace aikin ɗansa.

Har ta kai ga abin kunya. A shekarar 1973, a babbar gasar motocin gangara da ake yi a garin Akron na jihar Ohayo, wani yaro ɗan shekara 14 ya zo na ɗaya a duk ƙasar. An lura motarsa tana zabura da zarar an saki, abin da gangara kaɗai ba ta sa mota ta yi. Da aka ɗauki hoton cikinta da na'urar asibiti sai ga maganaɗisu mai aiki da batir an binne a hancinta. In ƙarfen da ke tare motoci ya faɗi gaba, sai ya fizgo ta. Kwana biyu bayan tseren aka ƙwace kambin. Kawunsa ya amsa cewa shi ya ba da shawarar. Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne babba ne ya koya wa yaro, kuma sunan yaron ne ya shiga jaridu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. In wani ya raɗa maka ka ɗan tura da yatsa wurin saki, ko ka ƙara noti bayan an auna, ka ce masa a'a, ko da yayanka ne.

Shirya gasar ba ta bukatar kuɗi mai yawa. Dogayen katakai biyu ko uku masu santsi, a haɗa su baki da baki yadda taya ba za ta yi tuntuɓe ba, a jingina kan na farko a kan tebur ko katanga, sauran a kwance a ƙasa. A tsakiyar kowane layi a buga siririn katako wanda motar za ta hau ta raba ƙafa a kansa. Wurin saki a tare motocin da sanda guda, a ɗauke ta lokaci ɗaya, kuma mai ɗaukewar ya kasance wanda ba shi da mota a ciki. Kowace mota ta bi kowane layi, domin ba a rasa layin da ya fi wani santsi. In ba ku da sikeli, ku zaɓi dutse guda ya zama ma'aunin kowa, ku rataya shi a bakin sanda, mota a ɗayan bakin, zare a tsakiya. Wadda ta rinjayi dutsen a rage mata. Wurin ƙarshe a sa mai waya ya ɗauki bidiyo, in gardama ta tashi a duba a hankali. A shimfiɗa tsohon buhu ya tare motocin. A raba ƙanana da manya, kuma a ba 'yan mata layinsu daidai da kowa. Hannun da ya iya zaren allura da saƙar faifai zai iya saitin taya, kuma ina sa ran za su ba ku wuya.

Kuma ku nisanci kwalta. Na san ta fi ko'ina santsi, na san akwai wuraren da take gangarawa da kyau. Tirela mai lodin siminti ba ta tsayawa inda direba ya so, sai inda nauyinta ya yarda. Filin lakwal ko ƙofar gida sun ishe ku.

Ku yi wa mushenku maganar tun kafin a gama girbi, ku nemi ya ba ku fili ranar da ba karatu. Ku je wurin kafinta ku biyu ko uku, ku gaishe shi, ku faɗa masa abin da kuke son yi. Wanda bai samu katako ba ya zo da ta kara, a yi musu nasu rukunin. Ranar da za a saki motocin farko ku aiko a faɗa mini, in Allah ya yarda zan zo, kuma ni zan riƙe muku sandar saki.